Ƙwaya Biyu a Yammaci Ɗaya

Kawuna yana da mata biyu, kuma tun da cutar makyarkyata ta kama shi aka yi tsari a gidan: mai girki ita ce mai ba da magani. Shekara uku ana haka ba a ji kansu ba, sai ran da abin ya ƙwace. Uwargida ta ba shi ƙwayarsa ta yamma da la'asar sakaliya, ta wanke tukwanenta, ta fita girki. Amarya ta karɓa, ta jira Alhaji ya idar da magariba, ta kawo ruwa a moɗa ta miƙa masa ƙwaya. Shi kuwa ba mai musu ba ne, kuma a waɗannan shekarun ba komai yake riƙewa ba, sai ya haɗiye. Abin da ba wanda ya lura da shi, kwalin da aka buɗe ran nan sabo ne. Wanda ya saba sha ya yanke a kasuwa, mai kemis ya ba yaron da aka aika wani, ya ce duk ɗaya ne. A jikin tsohon kwalin an rubuta 25/100, a jikin sabon 25/250. Ido ya ga 25 ɗin farko ya gamsu. Cikin ƙasa da awa biyu, mutumin da ya kamata ya sha miligiram 100 ya sha 500.

Bayan isha'i aka kira ni. Na tarar da shi a kan buzunsa, kansa yana juyawa kamar wanda zikiri ya yi wa nisa, kafaɗunsa suna hawa da sauka, ƙafar dama tana harbin iska. Hannun nan da muka saba gani yana karkarwa kamar mai jan carbi kuwa ya yi tsit. Ya amayar da tuwon dare. Ya ce a kori yaran da suka shige ƙarƙashin gado, alhali ba yaro ko ɗaya a ɗakin. Da ya yunƙura zai je ya kama ruwa sai jiri ya ɗebe shi, muka tare. Uwargida ta ce a kawo manja. Amarya tana kuka ta ce wannan ba na asibiti ba ne, a kira malam. Wani maƙwabci da ya shigo ya ce ai ciwon ne ya motsa, a ƙara masa ƙwaya.

'Yarsa, wadda take aikin nas a wani gari, ita ta tsayar da mu ta waya. "Yaya, kar a ba shi komai tukuna. Ɗauko kwalin ka karanta mini abin da ke jiki. Guda nawa suka rage a katin? Ƙarfe nawa Hajiya ta ba shi, ƙarfe nawa Anti ta ba shi?" A nan matan biyu suka dubi juna, aka gane abin da ya faru. Ta ce tunda har ya fara gane-gane kuma tsayuwa tana gagararsa, a kwantar da shi a gefensa a bayan mota a tafi asibiti, da kwalayen duka biyu. Aka auna jininsa aka ga ya sauka, aka duba bugun zuciyarsa da na'ura, aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin asuba ya dawo hayyacinsa, hannun ya koma jan carbinsa, ya tambaya wa ya kawo shi nan.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina, abin da ya fi tsaya mini kuma ba ƙwayar da aka maimaita ba ce. Shawarwarin da aka yi ta jefowa a ɗakin ne, kowacce daga bakin mai ƙaunarsa, kowacce kuma tana iya yi masa illar da ta fi ta maganin. Daga baya an ƙara ta huɗu, wadda ta fi su haɗari, za mu zo kanta.

Cutar kawuna, wadda likitoci ke kira Fakinsan, ta samo wannan sunan ne daga James Parkinson, likitan birnin Landan da ya siffanta ta a 1817. Ita ce ta kama ɗan dambe Muhammad Ali, aka tabbatar masa da ita a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Asalinta, wasu ƙwayoyin halitta ne can cikin ƙwaƙwalwa suke mutuwa a hankali, waɗanda ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, shi ne kamar man da ke sa motsin jiki ya tafi sumul. In ya yi ƙaranci sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sanƙare, taku ya gajarce, fuska ta daina nuna abin da ke zuciya, hannu ya kama karkarwa. A 1957 Arvid Carlsson, wani masani ɗan Suwidin, ya ba zomayen da aka ƙwace wa motsi wani sinadari da jiki ke mayarwa dofamin, suka miƙe suka ci gaba da tsalle. A 1961 aka gwada shi kan mutane a Biyana, a 1967 kuma George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa shan sa ta baki ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Shi ne lebodofa, wanda za ka ga an rubuta levodopa a jikin kwali, kuma har yau ba a sami wanda ya fi shi ba. Ana haɗa shi da wani abokin tafiya da ke hana shi lalacewa kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan haɗin ne ake sayarwa da sunan Sinemet ko Madopar ko wasu sunaye. A rubutu irin 25/100, lambar farko ta abokin tafiyar ce, ta biyun ita ce lebodofa. Wasu kamfanonin kuma haɗa lambobin suke yi su rubuta 125 ko 275, abin da ke ƙara rikita mai saye.

Tun zamanin Cotzias aka san cewa in dofamin ya yi yawa, jiki yana tsallakawa ɗaya ɓangaren ne. Mai ƙarancin motsi sai ya koma mai motsin da ba ya iya tsayarwa: murɗe-murɗe, lanƙwashe-lanƙwashe, juya kai, motsa baki, ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ne abin da maƙwabcinmu ya kasa bambancewa, kuma ban ga laifinsa ba, don wanda bai zauna da mai cutar ba duk rawar jiki ɗaya ce a wurinsa. Amma ba ɗaya ba ce. Karkarwar ciwon ƙarama ce, mai tsari, tana zuwa in hannu yana hutawa, tare da sanƙarewa, kuma ta fi tsananta in lokacin magani ya kusa. Motsin yawan magani kuwa babba ne, ba shi da tsari, jiki a sake yake, yana kuma zuwa bayan an sha ƙwaya da rabin awa zuwa awa ɗaya ko biyu. Wanda ya ɗauki na biyun a matsayin na farko ya ƙara ƙwaya, ya zuba fetur ne a wuta. Sauran alamomin su ne tashin zuciya da amai, bugun zuciya da sauri, rashin natsuwa, rashin barci ko kuma barci mai nauyi, ruɗewa da sambatu da gane-gane. Jini yakan iya hawa da farko, daga baya ya riƙa faɗuwa duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, shi ya sa jiri ke kayar da su. Ga tsoho, faɗuwar nan kan daɓen siminti ko a banɗaki takan fi maganin kansa ɓarna. Ƙugu ya karye, an shiga wani babin.

Abin da ke sanyaya rai game da lebodofa na yau da kullum shi ne ba ya daɗewa a jiki. Duk kamar awa ɗaya da rabi, rabin abin da ke cikin jini ya tafi. Saboda haka wanda ya maimaita ƙwaya ɗaya bisa kuskure, mafi yawan lokaci abin da zai gani ɗan tashin zuciya ne da jiri da ƙarin motsi na 'yan awoyi, sai ya wuce. Aikin 'yan gida a nan kaɗan ne, sai dai yana son natsuwa. A zaunar da shi ko a kwantar da shi, kar ya tashi shi kaɗai ko da zuwa banɗaki ne. In jiri ya yi yawa a ɗora ƙafafunsa a kan filo. In yana amai ko barci na fizgarsa, a juya shi a gefensa, ba rigingine ba. Kar ya hau babur, kar ya tuƙa mota, kar ya je kusa da wuta ko rijiya. In idonsa biyu sarai kuma yana haɗiya lafiya, a ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Wani ya zauna tare da shi, a kuma kira likitansa ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ba yaron shago ba, a gaya masa abu uku da 'yar kawuna ta tambaya: wane magani, guda nawa, ƙarfe nawa. Shi zai faɗi yadda za a yi da ƙwayar da ke tafe. Galibi cewa ake yi a jinkirta ta ko a tsallake guda ɗaya har alamomin su lafa, sannan a koma kan jadawalin da aka saba.

Akwai kuma inda ba a jiran waya. Idan mutum ya suma, ko ana tashinsa ba ya tashi sosai, ko yana jijjiga, ko ƙirjinsa na ciwo, ko zuciyarsa na bugawa a hargitse, ko numfashi na yi masa wuya, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya rikice har bai san inda yake ba, ko ya faɗi ya bugu, to sai sashen gaggawa. Haka nan idan ba a san ko guda nawa ya sha ba, ko ya sha da yawa a lokaci ɗaya, ko da kuwa a ido lafiyarsa lau. Lambar kiran gaggawa a Najeriya 112 ce, amma duk mun san motar maƙwabci ko Keke Napep ta fi saurin zuwa a yawancin unguwanni. A yi amfani da abin da ya samu. A kwashi duk magungunan da ke ɗakin a leda ɗaya, har na hawan jini da na siga da na gargajiya, a tafi da su. Jika kuwa in shi ne ya tsinci ƙwayar kakansa ya haɗiye, ko guda ɗaya ce, asibiti za a nufa ba tare da jiran alama ba. Kuma in akwai ɗan zargin cewa ba kuskure ba ne, cewa dattijon ya gaji da rayuwa ne ya ɗiba da gangan, a gaya wa likita a fili. Ciwon damuwa abokin tafiyar wannan cuta ne, ba abin kunya ba ne.

Yanzu batun manja. A ƙasar nan, daga Kano har Fatakwal, in aka ce wani ya sha abin da bai kamata ba, manja ake fara nema, ko madara, ko ruwan gishiri, ko a cusa masa yatsa a maƙogwaro. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe ƙarfin magani. Ga mai Fakinsan kuwa abin ya wuce rashin amfani. Cutar tana raunana haɗiya. Mai kula da shi ya san yadda yake ƙwarewa da ruwan shayi ma, ya san yawun da ke zuba a gefen baki. Ka ɗura wa irin wannan mutum manja alhali yana cikin magagi, ko ka tilasta masa amai, sai abin ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Ciwon huhun da ke biyo bayan irin wannan shaƙewa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Gawayin da ake jin labarin ana ba wanda ya sha guba ba na murhu ba ne. Wani ne na musamman da ake sarrafawa, a asibiti ake ba da shi, ga wanda yake a farke, kuma amfaninsa ya fi yawa a cikin awa ta farko. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya asibiti, tafiya asibiti ba ta hana addu'a. Malam ya yi tofi a mota ana tafe. Abin da ba za a yi ba shi ne ɗura rubutu ko turara hayaƙi ga wanda numfashinsa da haɗiyarsa suke tangal-tangal. Yaran da kawuna ya gani a ƙarƙashin gado ba mutanen ɓoye ba ne. Da maganin ya fita daga jininsa su ma suka fita daga ɗakin.

Duk wannan sassaucin da na faɗa na lebodofa na yau da kullum ne, kuma a nan ne karanta kwali yake da muhimmanci, don magungunan wannan cuta ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai ƙwayoyin da aka yi su don su riƙa narkewa sannu a hankali, za ka ga CR ko HBS ko XL ko ER a bayan sunan. In aka sha su fiye da ƙima, alamomin sukan makara su kuma daɗe, don haka lafiyar awa ta farko ba ta nuna komai. Irin waɗannan ba a daka su. Mata da yawa, saboda tausayin wahalar haɗiya, sukan murje ƙwaya a cokali su zuba a kunu; in mai narkewa sannu ce, an saki aikin awoyi da yawa a lokaci ɗaya ke nan. Wani kuskuren kuma shi ne likita ya canza wa mutum daga mai sau uku a rana zuwa mai sau ɗaya, gida kuma a ci gaba da ba shi sau uku kamar da.

Akwai dangin Requip da Mirapex, masu kwaikwayon dofamin. Sun fi lebodofa daɗewa a jiki, sun kuma fi shi kawo barcin farat ɗaya da gane-gane ga tsofaffi. Ɗan'uwansu Neupro filasta ce da ake mannawa a fata a canza duk awa 24. Kuskurenta shi ne a manna sabuwa a kafaɗa a manta tsohuwa tana cinya. In aka ga biyu, a ɓare ta jiya, a wanke wurin da ruwa da sabulu. Akwai amantadin, wanda ƙoda ce ke fitar da shi. Tsoho mai raunin ƙoda yana iya tara shi a jiki ko da bai wuce abin da aka rubuta masa ba, yawansa kuma yana hargitsa bugun zuciya ya kawo jijjiga, ya taɓa kashe mutane. Wannan ba a zaman gida da shi. Akwai selejilin da Azilect, waɗanda gubarsu kan yi lamo har awa 12 kafin ta bayyana, kuma ba sa shiri ko kaɗan da tiramol, da allurar fetidin, da wasu magungunan tari da na damuwa. A garin da ake sayen tiramol don ciwon baya kamar ana sayen goro, wannan ba ƙaramar magana ba ce: haɗuwarsu tana iya kawo zazzaɓi mai tsanani, gumi, fizge-fizge da hawan jini.

Wanda na fi jin tsoro a ƙasarmu shi ne Artane, wanda matasa suka sani da Exol, hukumar NDLEA kuma take yawan kamawa. Saboda arha, shi ake yawan rubuta wa mai karkarwa in kuɗin lebodofa ya gagara. Yana zuwa a miligiram 2 da miligiram 5, ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna. Ba ta hanyar dofamin yake aiki ba, yawansa kuma busar da mutum yake yi: baki ya bushe ƙamas, gumi ya ɗauke, fata ta yi zafi, ƙwayar ido ta buɗe gani ya dushe, zuciya ta yi gudu, ciki ya ƙulle, fitsari ya tsaya cak, musamman ga dattijon da da ma mafitsararsa ke ba shi wahala. Sai ruɗewa, ya riƙa tsintar abin da babu a jikin zani. Ka ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, mutum ba ya gumi, ba wuta balle fanka, za ka ga cewa abin gaggawa ne. A cire masa manyan kaya, a shafe shi da ruwa, a yi masa fifita, a tafi.

Isa asibiti ma ba shi ne ƙarshen sa ido ba. Mai amai in ya je wurin jinya, abin da hannu ya saba ɗaukowa shi ne Maxolon ko Stemetil ko Phenergan. Mai sambatu da fizge-fizge kuma Largactil ko Haldol. Duk waɗannan toshe dofamin suke yi a ƙwaƙwalwa. Ga mai Fakinsan suna iya sandarar da shi kamar itace, ya kasa juyi, ya kasa haɗiya, na kwanaki. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun san wannan sarai, amma su ƙalilan ne, akasarinsu a manyan asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato, da na Maiduguri. Wanda za ka tarar da tsakar dare a ƙaramin asibiti yana iya zama bai ga mai wannan cuta ba tun yana makaranta. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, don Allah Baba yana da Fakinsan, an ce akwai allurar amai da ba a yi masa." Na kirki zai gode maka. Akwai maganin amai irin Motilium da bai cika shiga ƙwaƙwalwa ba, shi ma likita ne zai duba lafiyar zuciya kafin ya bayar. Lebodofa ba shi da wani makari na musamman. Aikin asibiti shi ne tsare numfashi, da jini, da bugun zuciya, da ƙarin ruwa, har jiki ya fitar da shi da kansa. In ka ga fitsari ko gumi ya yi duhu kamar shayi, ko fitsarin mai shan nau'in da ake kira Stalevo ya yi ruwan goro, wannan sananne ne daga maganin. Amma in duhun ya zo tare da ciwon tsoka da ƙarancin fitsari bayan doguwar fizge-fizge, a gaya wa likita.

Shawara ta huɗu washegari ta zo, daga bakin babban ɗansa, kuma kusan kowa ya yarda da ita: tunda maganin nan ne ya so ya haukata Baba, a ajiye shi gaba ɗaya a huta. Da an bi wannan, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙwaƙwalwar da ta shekara tana samun dofamin daga waje, in aka yanke mata shi rana ɗaya, tana iya shiga wani hali cikin kwana ɗaya zuwa mako: jiki ya sanƙare ƙam, zazzaɓi ya hau, gumi ya karyo, hankali ya gushe, tsoka ta fara narkewa ta toshe ƙoda. Yana kisa. Abin da ya ƙara masa haɗari a wurinmu shi ne kamarsa da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a yi kwana uku ana allurar maleriya, ba wanda ya tambaya yaushe rabonsa da ƙwayarsa. Kuma ba yawan sha kaɗai ke kai mutane ga yankewa ba. Kuɗi su ƙare, ko magani ya yanke a kasuwa, ko a kwantar da mutum don tiyata a ce kar ya ci kar ya sha, duk hanya ɗaya suke bi. In za a rage maganin, likita ne ke ragewa, mataki-mataki.

Da na zauna da mutanen da ke jinyar irin wannan ciwo, na ga kuskuren yana da ƙofofin da ya saba shigowa ta cikinsu. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a kan ƙwaya hannu da yawa shi ne ƙazantar. Sai kuma ɗaura magani a kan lokutan salla, wanda a ido dabara ce mai kyau tunda ladan ba ya mantuwa. Matsalar ita ce salloli ba su da tazara ɗaya: tsakanin asuba da azahar akwai kusan awa takwas, tsakanin magariba da isha'i awa ɗaya da 'yan mintoci. Mai bin wannan tsari zai wuni a sanƙare da hantsi, ya kwana yana murɗe-murɗe. Azumi ma haka: mutum ya ƙi ajiyewa, sai ya tattara ƙwayoyin yini ya raba biyu, rabi da sahur rabi da buɗa-baki. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, malamai sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa; wanda ya nace sai ya yi, ya zauna da likitansa tun a Sha'aban. Sai mantuwa: ya manta ta rana, ya ce bari ya haɗa da ta yamma. Ba a rama magani kamar salla.

Akwai ƙofar da ba a cika zato ba, wato karara. Wannan tsiron mai ƙaiƙayin tsiya, ƙwayarsa tana ɗauke da lebodofa na gaske. Masu bincike daga Italiya tare da likitoci a Gana da Bolibiya sun gwada garin soyayyiyar ƙwayarsa ga marasa lafiyar da ba su da kuɗin na kanti, an kuma ga yana aiki. To amma da awo suka yi. Ƙarfinsa ya bambanta daga wannan iri zuwa wancan, cokalin wannan gida ba na wancan ba ne. A 1989, lokacin fari da yaƙi a arewacin Mozambik, mutanen da yunwa ta sa suka ci waken nan ba tare da an dafa shi an zubar da ruwan yadda ya kamata ba sun yi ta ruɗewa da gane-gane. Wanda ke shan ƙwayar asibiti aka kuma kawo masa garin "maganin jijiya" daga kasuwa, yana iya shan magani ɗaya sau biyu bai sani ba.

Sannan akwai wanda ba kuskure yake yi ba, ba kuma neman mutuwa yake ba. Sanƙarewar da ke zuwa in magani ya saki mutum abin tsoro ce, wasu sukan fara gaggauta ƙwaya don kar ta riske su, a hankali su koma ɓoye kati a ƙarƙashin filo. Dofamin yana da hannu a jin daɗi da kwaɗayi, shi ya sa za ka ga dattijo mai kamun kai ya koma ɓarnar kuɗi, ko caca a waya, ko yawan buƙatar iyali fiye da da, ko ya kwana yana kwance rediyo yana ɗaurawa. An fi ganin haka da dangin Requip da Mirapex. Iyali sukan rufe don kunya, alhali gyaran awon magani ne ke magance shi.

A gidan kawuna yanzu girki yana juyawa, magani ba ya juyawa. Wata jikarsa ce 'yar aji biyar a sakandare take riƙe da shi. Duk daren Juma'a takan zauna ta zuba na mako a wata 'yar roba mai ɗaki-ɗaki, sauran kwalayen suna cikin akwati da kwaɗo, makullin yana wuyanta. An saita ƙararrawa a wayar uwargida da ta amarya a lokaci ɗaya, bakwai, sha ɗaya, uku, bakwai, da agogo ba da kiran salla ba. A bayan ƙofa akwai kalanda da biro ɗaure da zare. Wadda ta ba shi ta ja layi nan take, wadda ta zo ta ga layi ta mayar da hannunta. An yanke gefen tsohon kwalin mai 25/100 an liƙa a jikin katinsa na asibiti, duk wanda aka aika kemis da shi yake tafiya. Watan jiya ma an sake miƙo wa yaron mai 250, ya ajiye a kan kanta ya ce ba shi ba ne.